Masu cewa "danna ka wuce kawai", ku ji tsoron Allah

1/ Jama'a yau sai na amayar da abin da ke cina. Jiya na raka ƙanwata wani kafe za ta biya kuɗin rajistar makaranta. Ana buɗe shafin sai burauza ta fito da jan gargaɗi, wai hanyar ba ta da tsaro. Yaron kafen ko karantawa bai yi ba, ya danna ya wuce, ya ce mata "sa lambar katinki." Zare ne, ku biyo ni.

2/ Na ce malam dakata, me ka danna? Ya ce ai tun da Chrome ya sabunta kansa yake wannan iskancin, kowa haka yake yi masa. Na leƙa agogon kwamfutar. Wallahi a shekarar 2009 take zaune. Mun gyara kwanan wata, gargaɗin ya ɓace. Ko minti biyu ba a yi ba.

3/ Abin da ya ɓata min rai shi ne watanni nawa ya yi yana koya wa mutane cewa jan gargaɗi ado ne? Ranar da na gaskiya ya zo, ranar da wani ya tsaya tsakaninka da bankinka, hannunka ya riga ya saba da dannawa.

4/ Bari mu fahimci abin. Duk shafin da adireshinsa ya fara da https yana da satifiket, kamar katin shaida. Burauza tana duba abu uku: sunan da ke jiki na wannan shafin ne? Wa'adinsa bai ƙare ba? Wanda ya sa masa hannu yana cikin waɗanda aka amince da su? Ɗaya ya faɗi, sai ta yi ihu.

5/ Kuma ihun ba wasa ba ne. A 2011 aka kutsa wani kamfanin Holan mai ba da satifiket, DigiNotar, aka buga na bogi da sunan Google. An kiyasta mutum wajen 300,000 a Iran aka bi ta hanyarsu zuwa Gmail. Wa ya tona? Wani mai amfani da Chrome da ya ga gargaɗi, ya ƙi wucewa, ya tambaya a fili. Kamfanin ya rushe a shekarar.

6/ Da irin yaron kafenmu ne a wurin, da ya danna ya wuce, ya ce netwok ne.

7/ To me ya sa abin ke fitowa bayan sabuntawa? Sau da yawa sabuwar burauza ta ƙara tsanani ne, ta daina kawar da kai ga abin da tsohuwar ke bari. A 2018 Chrome ya daina yarda da tsofaffin satifiket na Symantec saboda sakacin da aka kama su da shi. Shafin da bai sauya nasa ba ya fara jan gargaɗi. Laifin mai shafi ne, ba na wayarka ba.

8/ Wani lokacin kuma antibairos ɗinka ne. Wasunsu suna buɗe saƙonka su duba, su sake rufewa da nasu satifiket. Farkon 2019 da Firefox 65 ya fito, masu Avast da AVG suka yi ta ganin SEC_ERROR_UNKNOWN_ISSUER, har Mozilla ta dakatar da tura sabuntawar a Windows na ɗan lokaci.

9/ Ga yadda ake gyarawa, a jere. Na farko agogo. In ka ga NET::ERR_CERT_DATE_INVALID, duba kwanan wata, ka sa ya riƙa saita kansa. In kwamfuta kullum tana komawa baya bayan an ɗauke wuta, ƙaramin batirin cikinta ne ya mutu, mai kama da kwabo, CR2032. Sauya shi.

10/ Na biyu, gwada wasu shafukan. In shafi ɗaya ne kaɗai ke yi, matsalar tasu ce, ba abin da za ka gyara daga ɗakinka. Ka sanar da su, ka jira. In duka ne ke yi, to daga wajenka ne: agogo, antibairos, ko hanyar da kake bi.

11/ Na uku, sauya hanya. Kashe waifai ka kunna datarka. Waifai na otal ko makaranta yakan tare ka sai ka shiga shafinsu tukuna. In kuma VPN na kyauta ka sauke don wani ya ce yana ba da data, kashe shi ka sake gwadawa. In gargaɗin ya tafi, ka san wanda ke tsaye a tsakiya.

12/ Na huɗu, in antibairos ne, sabunta shi. Bai yi ba, kashe sashen da ke duba https kaɗai, ka bar sauran.

13/ Na biyar, tsufa. Microsoft ya daina kula da Windows 7 tun Janairun 2020, Chrome kuma ya tsaya masa a 109. Wayoyin Android da ba su kai 7.1.1 ba ba su san sabon tushen Let's Encrypt ba, dabarar da ta riƙe su kuma ta ƙare a 2024. Na san kuɗi ba sa faɗowa daga sama. Amma kada ka yi harkar banki a irin wannan na'urar.

14/ Yanzu ga gyaran gangar Auzinawa da nake gani kullum. Mayar da burauza tsohon zubi a kashe sabuntawa. Karenka ya yi haushi da dare, ka ɗaure masa baki don ka samu barci. Ɓarawon yana nan inda yake.

15/ Mafi muni: "sauke wannan satifiket ɗin ka sa a wayarka, komai zai buɗe." Kul! Wanda ka sa nasa, ka ba shi izinin karanta abin da kake aikawa. A 2019 gwamnatin Kazakistan ta nemi 'yan ƙasarta su yi haka, Google da Mozilla da Apple suka toshe shi. In gwamnati ba a yarda da ita ba, wane ne wani a gurup ɗin WhatsApp?

16/ Za a ce, ai sau nawa muka wuce ba abin da ya faru. Haka ne, yawancin gargaɗin agogo ne ko mai shafi ya manta bai sabunta ba. Amma daga kujerarka ba ka iya bambance na mantuwa da na ɓarawo, kamarsu ɗaya. In karatu kawai za ka yi, ruwanka. Kalmar sirri, lambar kati, BVN? A'a.

17/ Masu kafe da masu gyaran waya, da ku nake. Mutane sun ba ku amana ne don suna ganin kun fi su sani. Tsohuwar da ta miƙo maka waya ba ta san me aka rubuta da Turanci ba, kai ne idonta. Karanta kafin ka danna.

18/ Ƙanwata dai ta biya kuɗinta bayan mun gyara agogo. Na bar wa yaron kuɗin batiri. Ku tura wa mai kafen unguwarku, ku kuma duba kwanan watan wayarku yanzu.