A Sayar Da Abinci, A Ba Da Ruwa Kyauta

A shekarar 1977 kamfanin Laker ya fara jigilar fasinjoji tsakanin Landan da New York a kan kuɗi ƙalilan, ya raba kuɗin abinci da na tikiti. Har yau kamfanonin jiragen sama masu rahusa, irin su Scoot da AirAsia X, wannan tafarki suke bi. Ni ban ga laifinsu a nan ba. Wanda ya ƙoshi tun daga gida bai kamata ya biya wa wani kuɗin shinkafa ba.

Abincin ma bai cika daɗi ba, kuma kimiyya ta bayyana dalili. Matsin iskar cikin jirgi daidai yake da na kan dutse mai tsayin mita 1,800 zuwa 2,400. Laimarta kuwa takan gaza kashi 20 cikin ɗari, tamkar tsakiyar hunturu. Hanci ya bushe, jin ƙamshi ya ragu. Binciken Cibiyar Fraunhofer ta Jamus a 2010 ya nuna cewa jin ɗanɗanon gishiri yakan ragu har da kashi 30 cikin ɗari. Shi ya sa masu girkin ke ƙara gishiri.

To, a nan gizo ke saƙa. Gishiri yana jawo ƙishirwa, busasshiyar iska tana zuƙe ruwan jiki, ga tafiyar awa bakwai ko fiye. Duk da haka wasu kamfanoni sayar da ruwan suke yi. Lafiyayye yana iya jure yunwar 'yan sa'o'i, amma ƙarancin ruwa yana galabaitar da tsofaffi da ƙananan yara. Ya kamata hukumomin sufurin sama su wajabta bai wa kowane fasinja ruwan sha kyauta.