A Ba Yaran Birnin Gwari Takarda Da Fensir

Yau zan ɗan ajiye zancen littattafan da muka saba tattaunawa a kai, in yi magana kan wasu marubuta da babu wanda ya nemi jin ta bakinsu, wato ƙananan yaran Birnin Gwari da ƙauyukan da ke bakin dajin Kamuku.

Kowa ya san halin da wannan yanki na yammacin Jihar Kaduna ya shiga. A watan Mayun 2018 'yan bindiga suka afka wa ƙauyen Gwaska suka kashe mutane fiye da 40. A watan Maris na 2021 suka shiga makarantar firamare ta Rama suka tafi da malamai 3, yara suka watse cikin daji. A Maris na 2024 kuma aka kwashe ɗalibai fiye da 100 a Kuriga, cikin Ƙaramar Hukumar Chikun mai maƙwabtaka da su. A watan Nuwamban 2024 Gwamna Uba Sani ya je Birnin Gwari aka ƙulla sulhu, aka sake buɗe kasuwar shanu da ta daɗe a rufe. To, jama'a, yaron da aka haifa a 2015 fa? Cikin wannan hali ya buɗe ido, cikinsa ya koyi tafiya, wani ma da gudu ya fara.

An yi hira da sarakuna, an yi da manoma da direbobi, 'yan jarida sun ji ta bakin tubabbun 'yan bindiga ma. Shi kuwa yaro ba a tambaye shi ba. Mu a al'adarmu in yaro ya fara ba da labarin abin tsoro, sai a ce masa ya yi shiru, ai ya wuce. Muna ɗauka zai manta ne. Alhali kuwa Hausawa da kansu suka ce labarin zuciya a tambayi fuska. Yaron da ya koma fitsarin kwance bayan ya daina, ko wanda ke firgita in ya ji ƙarar babur, bai manta komai ba, kalmomin faɗa ne ba shi da su.

A ra'ayina, abu mafi sauƙi da za mu iya yi wa waɗannan yara shi ne mu ba su takarda da fensir, mu bar su su zana, sannan mu saurara. Ɗan shekara 6 ba zai iya tsara jimla a takarda ba, amma zai iya zana gidansu da gonarsu da hanyar da suka bi daren da suka bar gari. An gwada wannan a wasu wurare. A 2005 ma'aikatan ƙungiyar Human Rights Watch sun ba yaran Darfur da ke sansanonin gudun hijira a Chadi takardu da fensira masu launi, yaran suka zana mahaya dawakai da jirage da bukkoki na cin wuta. Zanen nan ya zagaya duniya, ya faɗi abin da dogayen rahotanni suka kasa faɗa.

Yadda za a yi ba wani abu ba ne mai wuya. Malamin firamare ko na Islamiyya, ko uwa a tsakar gida, sai ya ce wa yaro ya zana wata rana da yake tunawa. Kada a ce ya zana ranar hari. In ya zana ranar Sallah ko kamun kifi a rafi, shi ma labarinsa ne. In ya gama, kada a ce wannan bai yi kama da saniya ba, a ce masa, "Ba ni labarin wannan." Abin da ya faɗa a rubuta shi a ƙasan zanen da Hausa, yadda ya faɗa, ba gyara, sannan a karanta masa. Ranar da yaro ya ga maganar bakinsa ta zama baƙi a takarda, ranar ya gane amfanin rubutu, kuma daga nan zai nemi ya rubuta da hannunsa. In babu littafin zane, bayan tsohuwar kalanda ya isa.

Na san wani zai ce wannan fama tsohon miki ne. Gaskiya ne in aka yi da tilas. Shi ya sa yaron da ya ƙi, a ƙyale shi. Wanda kuma aka ga firgitarsa ta yi yawa, wannan ya wuce aikin fensir, sai a nemi likita, akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa cikin Kaduna. Iyayen da ke ƙyamar zanen mai rai, ɗansu na iya zana gida da hanya da itatuwa. Abin da nake jan kunne a kai shi ne kada a ɗauki hoton zanen yaro da sunansa da na ƙauyensu a watsa a Facebook ko WhatsApp. A wurin da sulhu bai daɗe ba, wannan na iya jawo wa iyali fitina. Haka nan kada a ware 'ya'yan Fulani na rugage, su ma sun ga abin da suka gani.

A nan ne nake kira ga 'yan'uwana marubuta da makaranta. Mun iya ƙaga labarin garkuwa da mutane muna zaune a Kano ko Kaduna, amma masu labarin na haƙiƙa suna nan ba su da ko fensir. Alhaji Abubakar Imam a Kagara aka haife shi, ba nisa da wannan yanki, kuma gasar rubutu ta 1933 ce ta fito da shi. Wa ya san ko akwai irinsa yanzu a aji biyu a Kuyello ko Dogon Dawa? Kowace ƙungiyar marubuta ta ɗauki makaranta guda, ta aika da katan ɗin littattafan rubutu, ta zauna da malamai yini ɗaya kan yadda ake sauraron yaro.

Allah Ya zaunar da Birnin Gwari lafiya, Ya raya mana zuri'a. Amin.