Baduku da Bel ɗin 'Yan Ɗaga Ƙarfe

Gidajen motsa jiki sun yawaita a Kano da Kaduna, amma kusan duk bel ɗin da samari ke ɗaurawa kafin su ɗaga ƙarfe daga waje ake kawo shi, da yawa ma roba ce aka yi wa fenti. Abin na ba ni haushi, don aikin bai fi ƙarfin dukawanmu ba. Amfanin bel ɗin shi ne ciki ya sami abin tokara idan mutum ya ja numfashi ya riƙe, sai gadon baya ya tsaya ƙyam. Saboda haka fatar akuya, duk kyanta, ba za ta yi ba. Kirgi ake so, wanda ya sha bagaruwa. Ƙa'idar hukumar 'yan ɗaga ƙarfe ta duniya, IPF, ita ce faɗi kada ya wuce santimita 10, kauri milimita 13. Baduku zai haɗa falle biyu, ya huda da basilla, ya ɗinke da zare mai kakin zuma, ya kafa ƙarfen maɗauri. Inda gizo ke saƙar shi ne samun kirgin kansa: fatar shanunmu tana ƙarewa a tukunya a matsayin ganda tun kafin majemi ya gan ta.