Zanen Ɗigo-Ɗigo Bai Tsufa Ba

A wannan watan filinmu zai taɓo wata magana wadda na san wasu dattawa za su ce ta yara ce. Ina roƙo a yi haƙuri a karanta har ƙarshe.

Ran Asabar da ta wuce na biya wani ɗakin gem a Aboabo don in kira ɗan ƙanwata. Na tarar da yara sun yi cincirindo gaban talabijin ana buga ƙwallo, shi kuwa yana gefe da littafin lissafi mai gida-gida, yana cike gidajen ɗaya bayan ɗaya da alƙalami mai launi. Da na leƙa sai na ga mutum ne ya fito sak, da babbar riga da rawani. Abokansa suna ta yi masa dariya, wai gem ɗin kakanni yake zanawa. A kan hanyarmu ta gida ya ce mini, "Kawu, ni dai zan bari. Sun ce wanda ba shi da babbar kwamfuta ba zai taɓa ƙera gem ba." Wannan magana ce ta hana ni barci.

Bari in yi bayani ga wanda bai sani ba. Hotunan wasan bidiyo iri biyu ne. Akwai masu kauri, waɗanda ake juya mutum a ga gabansa da bayansa kamar a fim. Akwai kuma shimfiɗaɗɗu, waɗanda ake zanawa da hannu, sau da yawa ɗigo bayan ɗigo, sannan a jera su da sauri har ido ya ga suna motsi. Waɗanda suka yi ƙuruciya wajen 1990 sun san su, zamanin da ake hura kaset da baki kafin ya kama. Super Mario Bros. na 1985 da Street Fighter II na 1991 duk irinsu ne. Da PlayStation ta fito a 1994 aka yi ta cewa kwanansu ya ƙare. To, ga shi yau shekara talatin da ɗoriya ba su mutu ba, kuma akwai dalili.

Na farko, ba su da nauyi. Super Mario Bros. gaba ɗayansa kilobayit 40 ne, sau da yawa hoto guda da ake turo maka ta WhatsApp ya fi shi nauyi. Wasu manyan wasannin yau kuwa sun haura gigabayit 100. Wa zai sayi wannan data a Asawase ko Sabon Zango? Yawancin yaranmu Tecno da itel suke riƙewa, waɗanda aka sayo a Adum. Wasa marar nauyi shi ne zai zauna a irin wannan waya bai cinye batir ba in an ɗauke wuta. Daidai ruwa daidai tsaki.

Na biyu, ƙarancin kayan aiki yana wasa ƙwaƙwalwa. A tsohuwar na'urar Nintendo launi uku kacal ake sa wa kowane ɗan hoto. Shigeru Miyamoto ya yi wa Mario gashin baki ne domin ɗigon ba zai isa a zana baki sosai ba, ya sa masa hula domin a huta da zanen suma. Gajimare da ciyayin da ke cikin wasan zane ɗaya ne, launi kawai aka sauya. Yau duk duniya ta san fuskar nan.

Na uku, mutum ɗaya na iya yi. Wani saurayi a Amurka, Eric Barone, ya shafe fiye da shekara huɗu shi kaɗai yana zana wasan noma mai suna Stardew Valley. Ya fitar da shi a 2016, an sayar da fiye da kwafi miliyan 40. A wannan shekarar ce kuma kamfanin Kiro'o Games na Yawunde a Kamaru ya fitar da Aurion, wanda shi ma shimfiɗaɗɗen zane ne. Kada ma mu yi nisa: Eyram Tawia, wanda ya kafa Leti Arts a 2009 tare da Wesley Kirinya na Kenya, a nan jami'ar KNUST ya yi karatu. Sun sa Ananse, wato Gizon Asantawa, cikin wasan wayar hannu.

Ba na cewa aikin ba wuya. Kowane taku da jarumin wasa zai yi sai an zana shi daban, kuma ba na musun cewa ƙwallo ta fi daɗin kallo da hoto mai kauri. Amma wuyar irin tamu ce. Ku dubi mai ɗinkin hula a bakin zaure, yadda yake ƙirga zare gida-gida har zane ya fito. Ku je Bonwire ku ga masaƙan kente. Abin da yaron nan yake yi a littafin lissafi shi ne wannan, allura kawai aka sauya. Da tsohuwar zuma ake magani.

Labarin da za a zana ma ba mu rasa ba. Ina Gizo da Ƙoƙi? Ina ayarin fataken goro daga Kano zuwa Salaga, da madugu da jakuna da 'yan fashin hanya, tafiyar da ta kawo kakannin da yawa daga cikinmu ƙasar nan? In ba mu zana su ba, wa zai zana mana?

Don haka ina kira ga iyaye. Yaron da ke kashe kuɗin koko a ɗakin gem daban, wanda ke zana nasa daban, kada a haɗa su a yi musu bulala ɗaya. Matasa kuma ku sani akwai manhajar ƙera wasa mai suna Godot, kyauta ce, kuma tsohuwar kwamfuta ma tana iya ɗaukar ƙaramin aiki irin wannan.

Ni dai na sayo wa ɗan ƙanwata sabon littafin lissafi a Kejetia, da sharaɗin ba zai taɓa shi ba sai ya dawo daga makarantar allo. Jiya ya nuna mini madugun nasa ya fara ɗaga ƙafa.

Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.