A Kawo Ɗaliban Noma Dallol Mawri

Yaron da ya ci jarrabawar bak a Dogon Dutsi ko Tibiri, in ya ce noma zai karanta, sai ya ɗaure kayansa ya bar ƙasar noma. Ko dai ya yi yamma, tafiyar sama da kilomita 270 zuwa Yamai, inda Jami'ar Abdu Mumuni take da tsangayar aikin gona, ko ya zarce Tilaberi, ko kuwa ya nufi Tawa ko Maraɗi. Jami'ar jiharsa, wadda aka kafa a Doso a 2014 tare da na Agadas, Difa da Tilaberi, kan fasahar sadarwa da kwamfuta aka ɗora ta. Wannan ba laifi ba ne, ƙasa na bukatarsa. Sai dai ya sa Arewa, wato yankin Dogon Dutsi, mai hatsi da wake da gujiya, mai kwarin da ruwa ke kusa da hannun mai haƙa rijiya, tana tura 'ya'yanta wani wuri su koyi ƙasa, su dawo sun san ta kowa ban da tasu.

Rayuwar da ke jiran yaron a can ba ɓoyayya ba ce. Ɗakin kwanan da aka gina don mutum biyu yakan ɗauki ninkin haka, wanda bai samu gado ba ya raɓa wurin ɗan garinsu. Da safe layin mota, da rana layin abinci, a aljihu kuma lissafin ranar da kuɗin burs zai faɗo, kuɗin da yakan yi watanni bai zo ba. Ƙungiyar 'yan makaranta ta USN ta daɗe tana fito-na-fito da gwamnatoci kan waɗannan abubuwa, kuma har gobe ana tuna ɗalibai uku da aka kashe a gadar Kennedy ta Yamai ranar 9 ga Fabrairun 1990. Ɗan Arewa yana jure wannan duka kamar kowa. Mahaifiyarsa na aiko masa da garin hatsi da ƙuli-ƙuli ta hannun direba, shi kuma yana haddace sunayen ƙwari da ciyayi da Latin.

Amma ɗalibin noma yana da wata asara da ɗalibin shari'a ko na lissafi bai san ta ba. Yajin aikin malamai da na ɗalibai sun sa shekarun karatu sun hau kan juna, har ya zamana ba wanda zai iya rantsuwa kan watan da za a yi jarrabawa. Shari'a za ta jira. Damina ba ta jira. A Dogon Dutsi ruwan shekara bai cika wuce milimita 600 ba, kuma kusan dukansa tsakanin Yuni da Satumba yake sauka. Ɗalibin da waɗannan watanni suka same shi a aji yana bitar darasin bara ya rasa shuka, ya rasa noman farko, ya rasa fitar kan hatsi. Sai a ba shi 'yan makonnin sanin makamar aiki a wani ofishi cikin rani, ya cika takarda, a buga masa hatimi.

Ga abin da yake rasawa. Murzuna, tsutsar nan da ke bin zangarniyar hatsi tana cinye ƙwaya tun tana ɗanya, ta sha sa manomin Nijar kuka ana dab da girbi. Masu binciken cibiyar noma ta INRAN a Maraɗi, cikinsu har da Farfesa Ibrahim Bawa, tare da abokan aikinsu na cibiyar ICRISAT, sun nuna cewa wani ɗan mitsitsin zanzaro yana kashe ta. Ana kiwon zanzaron, a sa shi cikin ƙananan buhunan algarara tare da hatsi da tsutsar da zai hayayyafa a kanta, a rataya buhunan a gonakin ƙauye, ya fito ya bazu da kansa. Ba fesa magani, ba kuɗi mai yawa. Amma duk dabarar tana rataye ne kan lokaci: in aka kai buhun kafin tsutsa ta ƙyanƙyashe, an yi aikin banza, in aka makara, ta riga ta gama ɓarna. Wanda zai gane ranar da ta dace sai wanda ke cikin gona a watan Agusta, yana murza zangarniya da yatsunsa. Allo ba ya koyar da wannan.

Haka buhun PICS mai ruɓi uku, wanda Jami'ar Purdue ta Amurka ta ɓullo da shi, aka fara yaɗa shi a 2007, yake hana ƙwaro cin wake ba tare da guba ba. Bai karɓu ba sai da aka bi ƙauye ƙauye ana ɗaure buhu a gaban jama'a, a dawo bayan watanni a kwance su gani da idonsu. Haka kuma sassaben zamani, barin kututturen gawo da kalgo su sake tofo a gona, wanda ya faro a yankin Maraɗi wajen 1983, ya kai ga farfaɗo da ƙasa mai faɗin hekta kimanin miliyan 5. Manomi ne ya koya wa manomi, masana suka zo daga baya suna aunawa.

Dogon Dutsi kuwa tana da nata darasin da ya isa a kafa aji a kansa. Masu garake a gefen Tabkin Sau sun mayar da dankalin turawa sana'ar rani, da tallafin garin Orsay na Faransa, wanda ya ƙulla zumunci da Dutsi shekaru da dama. Sun gano cewa noman ba shi ne wahala ba. Kowa na haƙe nasa lokaci guda, kasuwa ta cika, farashi ya faɗi, zafi kuma ya ruɓar da abin da aka ajiye. Da aka samu ɗakin sanyi na ajiya, sai aka iya riƙe dankali har ya yi daraja. A nan akwai kimiyyar ƙasa, da ta ruwa, da lissafin kasuwa, da rigimar tafiyar da ƙungiyar manoma, duk a fili ɗaya. Abin dariya, ko na takaici, shi ne Orsay gari ne na jami'a da masana kimiyya, sun tsallako teku sun ga abin nazari a Dutsi, jami'o'in gida kuwa ba su kafa ko rumfa a wurin ba.

Ba sabuwar jami'a ake nema ba. Waɗanda aka buɗe a 2014 ma da ƙarancin ajujuwa da ɗakunan kwana suka fara, ƙara wata zai zama raba tuwon da bai ishi na farko ba. Abin da ya dace shi ne sansanin karatu a gona: fili a cikin kwarin Dallol Mawri, wajen Kore Mairuwa ko Gecheme ko Matankari, da rijiya, da ɗakuna masu sauƙin gini, inda ɗaliban Yamai da Tawa da Maraɗi da Tilaberi za su zo su yi damina guda cur da rani guda cur kafin a ba su lisans. Kowane ɗalibi a haɗa shi da gidan manomi, a ba shi kadada, a auna shi da abin da ya girba da bayanin da zai iya yi kan abin da ya lalace. Makarantar Kollo mai horar da malaman gona ta daɗe da sanin amfanin haka, kuma a Samaru ta Zariya gonar gwaji ta girmi Jami'ar Ahmadu Bello da shekara 40.

Akwai kuma maganar harshe. Tun 2025 dokar ƙasa ta ce Hausa ce harshen ƙasa. Amma ɗalibin da ya rubuta kundi da Faransanci kan ƙuduji, in tsoho ya tare shi a bakin gona ya ce, "Ɗana, me malamanku suka ce a yi wa wannan ciyawa?", sau da yawa sai ya hau inda-inda. Wata huɗu a gidan manomi za su warware masa harshe fiye da kowane darasi.

Za a ce ina kuɗi, za a ce malamai ba za su bar Yamai ba, za a kuma ambaci tsaro. Na ƙarshen gaskiya ne a arewacin gundumar Dogon Dutsi, wajen Dogon Kiriya da Sukukutan, shi ya sa ya kamata a fara daga kudu, kusa da babbar hanyar kwalta. Malami ba sai ya tare ba, zuwan mako biyu a kowane wata ya isa, in akwai malaman gona na gunduma a wurin. Fili kuwa yana hannun sarakuna da hukumomin gari, su ne ya kamata su fara kai tayin ga shugabannin jami'o'in, a rubuce, da taswirar wurin. Rukunin farko da ya iso zai tarar da aiki na jiransa: har yanzu irin dankalin da ake shukawa a Dutsi daga Turai ake sayo yawancinsa kowace shekara, in jirgin ruwa ya makara ko iyaka ta rufe, shukar Nuwamba ta shiga cikin haɗari.