Kwamfuta a Firamare: Kada Mu Jira Ranar Jarrabawa

Ya iyaye da malamai na Wurno, Rabah da Goronyo.

Tun shekarar 2015 hukumar JAMB ta daina jarrabawar takarda, sai da kwamfuta. To, ɗanmu da bai taɓa ɗora yatsa kan na'urar ba sai ranar jarrabawa, yaya zai yi? Karatu na nan a kai, amma hannu ya ƙi.

Wasu na cewa kwamfuta da waya na ɓata tarbiyya. Haka ne, in an bar yaro shi kaɗai. Don haka ya fara koyo a firamare, gaban malaminsa. Mu da muke karantar da isnadin hadisi, mu muka fi cancanta mu koya masa tambaya: wannan saƙon WhatsApp, wa ya faɗa, daga wa ya ji?

Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ke kwance a Wurno tun 1837, ya kwaɗaitar da koyon sana'o'i. Iyaye su haɗa kuɗi, a sayi ko da guda biyu tare da sola, a fara koya wa malamai tukuna. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Allah ya sa mu dace, amin.