Bagaden da Muka Gina a Falo

Ka shiga falon mai bi a yau, a Jos ne ko Kaduna ko Gombe, ka dubi inda kujeru suka fuskanta. Ba sa fuskantar juna kamar yadda iyayenmu suke shimfiɗa tabarmi a tsakar gida. Dukansu sun juya ga bango guda, inda aka kafe allon talabijin, da lasifikoki tsaye dama da hagu kamar dogarawan sarki. A majami'a kaɗai muka saba ganin irin wannan tsari, inda jama'a duka suke fuskantar wuri ɗaya cikin natsuwa. Saboda haka ban ga wani suna da ya dace da bangon nan ba sai bagade.

Abin da ya fi damuna shi ne ginin bagaden nan ba ya ƙarewa. Wanda ya fara da talabijin mai inci 32, bayan shekara biyu sai ya ga ta yi masa ƙanƙanta, ya koma 55, yanzu kuma idonsa yana kan 75. Haka zancen sauti yake. Masu sayar da hom-tiyata za su ce masa tsarin 5.1 ne mafari: lasifika uku a gaba, biyu a gefe ko a baya, da akwatin nan mai rugugi da ake kira wufa. Da ya saba, sai a nuna masa 7.1. Tun shekarar 2012 kuma kamfanin Dolby ya fito da Atmos, wanda ake kafa wa lasifikoki har a silin, domin sauti ya sauko wa mutum daga bisa. Gaba da baya, dama da hagu, sama da ƙasa, ba a bar wata kafa ba. Mai-Wa'azi ya riga ya lura, tun a sura ta farko ta littafinsa, cewa gani ba ya isar ido, ji kuma ba ya isar kunne. 'Yan kasuwa sun fi mu gaskata wannan aya, gama a kanta suka kafa cinikinsu.

Kada wani ya ce fasto yana gāba da na'ura. Ta rediyon ELWA da Muryar Bishara Maganar Allah ta shiga ƙauyukan da ƙafar mai bishara ba ta taɓa takawa ba, kuma mutane da yawa sun fara jin labarin Almasihu ne ta majigin Yesu da Hausa, a farin ƙyalle da aka ɗaura a bakin kasuwa. Ƙarar da nake kawowa a kan zuciyar maigida ce. Mutumin da zai ɓata Asabar guda cur tare da mai haɗa waya, yana auna tazarar kowace lasifika daga kujerarsa, shi ne zai gaya wa dattawa ba shi da minti goma sha biyar na sujadar iyali. Ya san lokacin da za a take ƙwallon Zakarun Turai daren Talata da Laraba, amma ya manta ƙarfe nawa ake fara addu'ar tsakiyar mako.

A shekara ta biyu ta mulkin Dariyus, wajen shekara 520 kafin haihuwar Almasihu, annabi Haggai ya tsaya gaban waɗanda suka komo daga bauta. Ba su yi musun Allah ba, ba su kuma sassaƙa gunki ba. Cewa kawai suka yi lokacin gina Haikali bai yi ba tukuna, alhali sun sami lokaci da katakon ƙawata ɗakunansu. Annabin ya nuna musu sakamakon: wahala mai yawa, amfani kaɗan, kuɗin ƙodago yana zurarewa ba a san inda ya bi ba. Ku gwada wannan da namu. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, kowa kuka yake yi, baiko ya ragu, masu bishara a ƙauyuka suna yin watanni suna jiran ɗan abin da ikkilisiya ta alkawarta musu. 'Yan'uwanmu da aka kora daga Gwoza, da Mangu, da Bokkos, waɗansu har yau a gidajen dangi suke raɓe. Duk da haka janareta ba ya kwana da yunwa a gidan da ake kallon ƙwallo, kuɗin DStv kuma ba ya wuce ranarsa. Idan ka tambaya, sai a ce maka albarkar Ubangiji ce. To, albarka ce. Amma Ubangiji bai taɓa sa wa mutum albarka ya kuma sallame shi daga ba da lissafinta ba.

Hujja mafi ƙarfi da nake ji ita ce ta iyaye masu cewa gara yara su yi kallo a gida da su tafi gidan kallo, inda ake zagi da shaye-shaye da caca. Akwai gaskiya a ciki, ban raina tsoronsu ba. Sai dai abin da ya faru a gidaje da yawa shi ne an ɗauko gidan kallon an kawo shi falo, uba ya zama mai tsaron ƙofa. Yaron yana gida, amma wa yake yi masa magana? Musa ya umarci Isra'ila su riƙa koya wa 'ya'yansu umarnan Allah a zaman gida da tafiyar hanya, da kwanciya da tashi. Zaman gidan nan shi ne aka sayar. A dā, bayan tuwon dare ne kaka take ba da labari, uwa ta ji abin da ya sami 'yarta a makaranta, uba ya buɗe Littafin Waƙoƙi. Yanzu wanda ya buɗe baki, sai a ce masa ya yi shiru ana kallo.

Akwai kuma batun kunnen kansa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi cewa matasa fiye da biliyan guda suna cikin hatsarin lalacewar ji saboda sauti mai ƙarfi. Wannan na jiki ne, likitoci sun fi ni saninsa. Nawa tsoron yana cikin 1 Sarakuna 19. A Dutsen Horeb, iska mai farfasa duwatsu ta wuce gaban Iliya, girgizar ƙasa ta biyo, wuta ta biyo, Ubangiji kuwa ba ya cikin ko ɗaya. A cikin wata 'yar murya marar ƙarfi ya yi magana. Ku duba abin da ake tallata mana: iska mai kewaya ɗaki, wufa mai girgiza ƙasa, wuta mai walƙiya a allo. Abubuwa ukun nan da Allah ya ƙi yin magana ta cikinsu, su ne muke biyan kuɗi a shigo mana da su. Yaron da ya girma a tsakiyarsu, in ka ce a yi addu'a cikin shiru na minti biyu, sai ka ga yana mutsu-mutsu kamar an zaunar da shi a kan ƙaya. Waɗansu majami'u, maimakon su warkar da cutar, sai suka shiga gasa da falo, suna ƙara lasifika a kan lasifika har tsofaffi suna toshe kunne a lokacin yabo.

Rugugin wufa kuwa bai san iyakar fili ba. Yana ratsa bango ya sami maƙwabci marar lafiya, da mai jego, da Musulmin da zai tashi da asuba. Gobe kuma kai ne za ka tsaya a ƙofarsa kana so ka gaya masa labarin Sarkin Salama.

Ga ɗan'uwan da ya riga ya tara kuɗin sabon allo, ina roƙonka ka riƙe su wata guda. A cikin watan, ka kashe wadda kake da ita da ƙarfe takwas na kowane dare, ka juyo da kujeru biyu su fuskanci sauran, ka karanta Haggai da iyalinka. Sura biyu ce kacal. Sa'an nan ka je wurin ma'ajin ikkilisiyarku ka tambaye shi wata nawa mai bisharar ku na ƙauye yake bi, kafin ka koma shagon.